Jan Zare da Farin Zare

"Ɗaga hannunka, Arɗo," in ji Dakta Kassimu. "Mutanen ga gemuna kaɗai suke gani."

Illo ya ƙara ɗaga wayar. Ya fi rabin awa yana tsaye a ƙarƙashin dogon-yaron da ke ƙofar gidan Dakta, hannu a miƙe, don nan ne kaɗai sabis yake tsayawa a duk unguwarsu ta bakin garin Sabon Birni. Zafin bazara ya sauko sosai, ko ganye ba ya motsi. Dakta yana kishingiɗe a kujera, an tokare shi da matasai biyu. Ya sa sabuwar hularsa, wadda ta yi masa yawa yanzu saboda rama.

A cikin wayar akwai fuskoki ƙanana, maza da mata, baƙaƙe da farare, kowa a ɗan akwatinsa. Taron masana ake yi a Yamai kan yadda amfanin gona zai jure canjin yanayi. Da can Dakta ya kamata ya kasance, don taron ma ya sayi hular. Ciwon hanta ya ce babu inda za shi.

Ya yi magana da Turanci, ya tsaya ya huta, ya sake ɗorawa. Ya ɗaga zangarniyar gero guda biyu ya nuna musu, ɗaya an ɗaura mata jan zare, ɗaya fari. Illo bai ji komai ba sai kalmar "gero", sai kuma can ya ji sunansa ya wuce a tsakiyar Turancin. Fuskokin suka yi dariya, wata mace mai tabarau ta ɗaga hannu ta ce da Hausar Maradi, "Sannu, Baba Illo!"

Da aka gama, Illo ya sauke hannu yana murza kafaɗa.

"Mi kac ce musu a kaina?"

"Na ce ga mai gonar. Na ce shi na riƙe da waya, shi ya sa suke ganin Sabon Birni tana rawa."

"Bagobiri ba ya godiya," in ji Illo. "Ko saniya mai harbi ba ta gajiyar da ni haka ba."

"Wace saniya? Arɗon da ba shi da ko akuya?"

Haka suke tun suna yara. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Illo Bafillace ne da shanunsa suka ƙare tun shekarun baya, ya koma noma, amma Kassimu bai daina ce masa Arɗo ba. Shi kuwa Kassimu ɗan gidan malamai ne, an sa shi boko bisa kuskure, kamar yadda yayarsa Zainaba take faɗa, ya tafi ya yi ta tafiya har ya zama masanin tsirrai a wata cibiyar bincike. Ya je taro ƙasashen da Illo bai iya faɗin sunansu ba. Da ya ajiye aiki, matarsa ta riga ta rasu, ba ta bar baya ba, sai ya dawo gida da akwatunan littattafai da wata tambaya guda da ta hana shi zama.

Tambayar ita ce, ko gero yana tuna ƙishirwa.

Shekara bakwai ke nan. A shekarar da ruwa ya ɗauke kwana ashirin da shida a tsakiyar damina, hatsi ya ƙone a gonaki, Dakta ya shiga gonar Illo ya tsinko zangarniya guda. Ya raba ƙwayarta biyu. Kowane rani sai su shuka su a garka bakin gulbi, kashi ɗaya a ba shi ruwa ya ƙoshi, kashi ɗaya a bar shi sai ya yi yaushi kamar zai mutu sannan a ɗan yayyafa masa. Masu ƙoshi farin zare, masu ƙishirwa jan zare. Da zare aka yi saboda Illo, don bai karanta boko ba. In geron ya fitar da kai, Dakta ya bi shi ɗaya bayan ɗaya yana sa masa hular takarda don kada garin furen wani ya faɗa kan wani. Mutanen gari sun sha dariya. Har yau in mutum ya cika sanabe sai a ce zai sa wa gero hula.

Ranar nan da suka gama da taro, Illo ya zauna a tabarma ya ce, "Sake gaya mini. Matar nan ta Maradi, mi tag gani cikin ganyen da ka aika mata?"

"Ikilima? Ɗalibata ta. Ta ga alamu." Dakta ya numfasa. "Ka san allo. Rubutu guda na, baƙaƙen ba su canza ba. Amma in mai sa wasali ya sa nashi daban, karatu ya fita daban. To kowane tsiro da rubutun da ya gada. Ƙishirwa ba ta goge rubutun ba, amma kamar ta sa mashi wasali. Abin da muke so mu sani, shin uwa tana ba ɗiyanta wasalin tare da rubutun?"

"Ni a izu biyu na tsaya. Yi mini da shanu."

"Saniyar da ta sha yunwa da ciki, ɗan da ta haifa daidai yake da na wadda ta ƙoshi?"

"Haba! Wanga ai kakata ta sani."

"Kakarka ta sani, amma ba ta auna ba. Ni aunawa nike so."

Ya yi tari, Illo ya miƙa masa ruwa. Da ya sha sai ya ci gaba, don in ya hau zancen gero ko ciwo bai isa ya sauke shi ba. Ya ce geron nan da ake gani ciyawar daji ce a da, kakannin kakanni suka yi ta zaɓen zangarniya mai kyau suna ajiyewa, shekara dubbai, har ciyawa ta zama abinci. Ya ce wancan sauyin a hankali yake tafiya, damina kuwa yanzu ba ta jiran kowa: ta zo a makare, ta ɗauke a tsakiya, ta dawo da ambaliya. Shi ya sa yake bin manoma yana roƙonsu su bar tohon gawo da kalgo a gona kada su sare, shi ya sa kuma yake son sanin ko akwai wata gajeriyar hanya da tsiro yake koya wa 'ya'yansa haƙuri.

"To in ba ya tunawa fa?" in ji Illo.

"Sai mu ce ba ya tunawa. Ita ma amsa ta. Sai wasu su daina ɓata lokaci nan, su duba wani wuri."

Daminar bana ce za ta faɗa. Za a shuka jikokin jikokin nan gefe da gefe a gonar tudu, ba garka ba ban-ruwa, a bar su da sama. In ruwa ya ɗauke kamar yadda ya saba, a ga wa zai tsaya. Irin yana cikin wata tukunyar ƙasa a ɗakin Dakta, ƙunshi goma sha biyu na farin ƙyalle, shida da jan zare, shida da fari, an barbaɗa toka saboda ƙwari. Babu shi ko'ina a duniya sai nan.

"Arɗo," in ji Dakta, muryarsa ta sauka. "Shiga ka ɗauki tukunyar nan ka kai gidanka. Yau."

Illo ya kalli ƙasa.

"Ka ji ni?"

"Na ji. In ka warke ka kawo ta da kanka."

"Illo."

"Ba ni fitar da kaya daga ɗakin mai jinya. Mi mutane za su ce? Su ce na fara rabon gado da ranka? Ruwa bai sauka ba tukuna. Ranar da ya sauka, ni da kai za mu ɗauke ta."

Dakta ya dube shi. Sannan ya ce, "To ka riƙe wanga. Jan ba ya magana sai da fari a gefenai. In jan ya tsaya ba ka da fari, ba ka san ko ƙishirwar kakanni ce ta tsai da shi ba ko ruwan bana. Su biyu ko babu."

Daidai nan Zainaba ta fito daga zaure da kwanon kunu. Ita ce babbar yayar Dakta, ta zo daga Isa jinyarsa wata biyu ke nan. Doguwa ce, tsagar Gobirci ta fito mata raɗau, kuma tun da ta zo babu wanda ya ƙara jin muryar kowa a gidan sai tata. Ita Ƙasimu take ce masa. Tana da wata ɗabi'a da duk dangi suka sani: ba ta ganin iri mai kyau ta wuce. Ko biki ta je, sai ta dawo da 'ya'yan kubewa ko na yakuwa ƙulle a bakin zani.

"An gama hira da aljanun cikin waya?" ta ce. "Mutum ba shi da jini a jiki, shina ta Turanci. Kai kuma Illo, maimakon ka hana shi, kai ne mai riƙe mashi. Karɓi nan, Ƙasimu, ka shanye, ban son in ga saura."

"Yaya, masana na duniya."

"Su zo su dama maka kunu, in masana na."

Ya sha cokali huɗu. Ta tsaya a kansa har ya ƙara biyu.

Bayan wannan rana bai sake fitowa ƙarƙashin dogon-yaro ba. Illo yakan shiga ɗakinsa da ke kusa da zaure da safe da kuma bayan la'asar, ya zauna bakin gado yana yi masa fifita. Tukunyar tana nan a lungu, an kife mata faifai. Wani lokaci idon Dakta ya je kanta ya dawo kan Illo, Illo ya yi kamar bai gani ba, ya kawo zancen hadarin da aka ce an gani ta wajen Gangara.

Ranar Talata bayan azahar Dakta ya tambaya ko iska ta juya. Illo ya leƙa waje ya dawo ya ce ta juya, daga kudu take zuwa, har da ɗan sanyi.

"To madalla," in ji Dakta. "Ka gyara sungumi."

Ya rufe ido. Zainaba ta matso tana yi masa kalmar shahada, leɓensa yana bi. Kafin a kira la'asar ya cika.

Aka yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Jama'a ta taru fiye da yadda Illo ya zata, har da manoman ƙauyuka da suka yi kasadar hanya duk da 'yan bindiga, waɗanda suka taɓa yi masa dariya kan hular gero, suka kuma bar gawo a gonakinsu saboda nacinsa. Illo ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Bai yi nauyi ba ko kaɗan. Wannan ne abin da ya tsaya wa Illo a rai har suka dawo gida.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon-yaro, maza suka zauna karɓar gaisuwa, mata suna ciki. Illo ya tuna da tukunya a rana ta farko, ya tuna a ta biyu. Amma wa zai shiga ɗakin mamaci ya fito da kaya a ka, mutane suna zaune, ƙasar kabari ba ta bushe ba? Ya ce a ransa, bari a yi addu'ar uku, sai ya sami Zainaba a natse ya yi mata bayani.

Ranar ukun, da hantsi, yana zaune cikin mutane yana jin lugude daga cikin gida. Mata suna dakan gumbar sadaka, taɓare uku suna sauka bi da bi. Sai ga matarsa Habi ta fito daga gidan rasuwar za ta shiga nasu ɗauko faranti. Ta yi masa alama da ido, ya tashi ya same ta a zaurensu.

"Malam, ina babban farantin nan na silba?"

"Shina bisa rumbu."

"Kai, Allah shi jiƙan Dakta," in ji Habi tana gyara mayafi. "Mutum mai tanadi. Ka san har hatsin sadakarshi ya ajiye? Yaya Zainaba ta same shi cikin tukunya, ƙunshi-ƙunshi, kowane da zarenai. Duk mata sai da sunka yi kuka."

Illo bai san lokacin da ya fita ba. Ya wuce ta gaban masu zaman makoki ba takalmi, liman yana cikin magana, ya shiga zauren Dakta, ya wuce ɗakin jinya, ya tsaya a bakin ƙofar da rabonsa da ƙetare ta tun bai yi kaciya ba.

"Salamu alaikum! Za ni shigo! Ku yi haƙuri, za ni shigo!"

Mata suka watse ana neman mayafai. Taɓare suka tsaya. Tsakar gidan ta cika da ƙamshin danyen gero da sukari. Ga tukunyar can a kwance a gindin turmi, baki buɗe. A kan igiyar shanya ga 'yan ƙyallaye farare an wanke an rataye, farin zare yana lilo a jikinsu. Can kuma wajen akurki ga wasu ƙunshin a zube a ƙasa, kaji sun taru a kan ɗaya da aka kwance.

Illo ya yi kan kajin yana kora da hannu biyu. Ya durƙusa ya tattara. Jan zare ne. Biyar a ɗaure, ɗaya kaji sun ci rabi. Ya zuba su a gaban rigarsa ya riƙe.

"Illo!" Zainaba ta miƙe daga kujerarta. "Hauka kake? Namiji tsakiyar mata ranar makoki? Ko kunyar gemunka ba ka ji?"

"Yaya, fararen fa? Masu farin zare?"

"Ga su nan cikin turmi. Mi na na?"

Ya leƙa. Gari ne, lallausa, an riga an zuba sukari.

"Duka?"

"Ni na zaɓa da hannuna. Su ne masu ƙiba, masu haske. Waɗancan na hannunka ƙanana na, sun yi duhu, ba a yi wa mamaci sadaka da irinsu, shi ya sa nic ce a ba kaji. Ƙanena ya tara hatsinai da guminai, ya ƙulle, ya ajiye kusa da kanshi. Wace sadaka ta fi wadda mutum ya noma da kanshi?"

Illo ya nemi ƙasa ya zauna, nan a tsakar gidan mutane, ƙunshin a cinyarsa. Bai ɗaga murya ba, dama ba shi da ita.

"Ba hatsin ci ba na, Yaya. Iri na. Shi ne aikin da yake yi shekara bakwai. Shi ne abin da yake nuna ma mutanen cikin waya."

"Wanga ɗan abin?"

"Shi. Waɗanga sun sha ƙishirwa, su da uwayensu da kakanninsu, shi ya sa sunka yi ƙanana. Waɗancan sun ƙoshi. Bana za a shuka su tare a gani ko wahalar ta koya musu wani abu. Ya ce mini su biyu ko babu." Ya dubi Zainaba. "Ba laifinki ba na. Ya ce in ɗauke tukunyar tun shina da rai, nic ce ba ni fitar da kaya daga ɗakin mai jinya. Da ya rasu kuma na ji kunyar mutane. Ni na yi."

Kaji suna ta neman inda abincinsu ya tafi. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi." Zainaba ta dubi turmin, ta dubi ƙyallayen da ke kan igiya. Bakinta yana motsi kamar mai ƙirga.

"Ku ci gaba da daka," ta ce wa matan. "Mi kuke kallo? Malamai na jira. Abin da anka daka an daka." Sannan ta juya. "Kai, taso. Zo nan."

Ta ja shi bayan rumbu, inda babu mai ganinsu. Ta tsaya tana huci kamar shi ya yi mata laifi.

"Juya bayanka."

Ya juya. Ya ji motsin zani, ya ji tana fama da ƙulli tana tsaki.

"To juyo."

A tafin hannunta akwai ƙunshi guda, ɗaure da farin zare, bai ko jiƙe ba.

Illo ya dube shi, ya dube ta.

"Kada ka kalle ni haka," in ji Zainaba. "Na kwance na farko na ga ƙwaya kamar an wanke ta da nono. Nic ce wanga iri zunubi na a dake shi duka. Za ni kai Isa in shuka bayan ɗaki. Guda ɗaya tak na ɗauka. Kayan ƙanena na, ba sata ba ta."

"Ban ce sata ba, Yaya."

"Idonka ya ce."

Dariya ta taso masa tare da hawaye, ya rasa wadda zai fara tarewa. Zainaba ta kau da kai, ta goge fuska da bakin mayafi.

"Ya isa?" ta tambaya a hankali. "Guda ɗaya?"

"Ban sani ba. Akwai wadda za ta sani."

Wayar Dakta tana aljihunsa tun ranar rasuwa. Bayan an yi addu'a an shafa, ya ba wani malamin makaranta da ke cikin masu gaisuwa ya nemo masa sunan Ikilima, ya koma gindin dogon-yaro inda sabis yake. Ta yi masa gaisuwa tana kuka, ya bari ta gama, sannan ya gaya mata komai, bai rage nasa laifin ba.

"Baba Illo, ƙunshin ya cika tafin hannu?"

"Ya cika, har da tozo."

"To ya fi ƙwaya dubu. Da shida munka so, don kowane ƙunshi gida guda na. Da guda ɗaya maganarmu ba za ta yi ƙarfi ba, sai mun faɗi gaskiyar abin da ya faru. Amma za ta faɗu. Ku shuka layi-layi, ja, fari, ja, fari. Kada ku fifita kowa, taki ɗaya, noma ɗaya. Ku rage kaɗan daga kowanne ku ajiye, gida biyu daban. In hanya ta yi kyau za ni zo kafin ya fitar da kai, in zo da hulunan."

"Kin san zancen hula?"

"Baba, ni ya fara koya ma ɗinka su."

Da ya sauke wayar sai ga Habi ta aiko masa da curin gumba a faifai. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Liman da ke gefensa ya riga ya ci rabin nasa.

"Malam Illo, ci mana. Wallahi na daɗe ban ci gumba mai daɗin wagga ba. Hatsin ina na?"

"Na Dakta na," in ji Illo. "Shekara bakwai shina ba shi ruwa."

Ya gutsura ya sa a baki. Gaskiyar liman ce, ta yi daɗi.

Zainaba ba ta koma Isa ba bayan addu'ar bakwai, ko da yake 'ya'yanta sun yi ta aike. Ta ce tana da aiki. Ragowar irin da Ikilima ta ce a ajiye aka raba biyu, rabi a rumbun Illo, rabi a wurinta, kuma babu wanda ya tambaye ta inda ta sa nata.

Kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar, ranar Asabar da yamma, ruwa ya sauka. Ruwa na ƙwarai, wanda ya cika kwatami ya sa yara gudu tsirara a titi. Da gari ya waye Illo ya ɗauki sungumi ya fito, ya tarar da ita tsaye a ƙofar gida, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta riƙe 'yar ƙwarya.

"Yaya, gonar da ɗan nisa."

"Na yi noma kafin a yaye ka. Wuce mu tahi. Farin ni za ni shuka shi, ni na tsirar da shi. Kai hannunka na rawa, Ƙasimu ya faɗa ma duniya."

Gonar tana kan tudu a hanyar Gangara, kusa da gari, cikin waɗanda har yanzu ake iya zuwa. Gawo uku da Dakta ya hana a sare sun yi tsawon mutum biyu. Illo ya yanko karare ya kafa a kan kowane layi, ya ɗaura wa wannan jan zare, wancan fari. Ya shiga gaba yana sara da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, yashi mai laima yana buɗewa. Zainaba tana biye a layin fari, ta jefa ƙwaya ta rufe da diddige. In sun kai ƙarshe ya ajiye sungumi ya dawo ya shuka jan da kansa. Sau ɗaya ta tsaya ta dafa ƙugu.

"In sun fito duk ɗaya fa? Mun sha rana a banza?"

"Ya ce ita ma amsa ta."

"Haka yac ce?"

"Haka."

"Ƙasimu ke nan," in ji ta. "Tun shina yaro ba a cin gardama da shi." Ta duƙa ta ci gaba.

Rana ta huɗu Illo ya je gonar shi kaɗai da sassafe. An ɗan yi yayyafi, yashi ya yi duhu. Daga nesa bai ga komai ba, sai da ya matso ya tsuguna. Sun fito. 'Yan tsirrai sirara kamar allura, kowane da ɗigon ruwa a kansa, layi bayan layi har gindin gawo. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya sa yatsa ya gwada tsawonsu. Duk ɗaya suke tukuna.

Zaren da ke kan kara na kusa da shi ya jiƙe ya kwance. Illo ya ajiye sandarsa, ya sake ɗaure shi da kyau, ya matsa zuwa na gaba.